Dukiyar da Ado Bai Tara Ba

Ranar da aka kawo Ado gida daga Yamai, unguwar ta fito kallon kaya fiye da yadda ta fito gaida mai jiki. Ƙaramar mota ce ta ɗauko shi da matarsa Atika, wata motar kaya tana biye da su. Aka sauke katifa biyu, da tsohon firji, da kujerun da fatarsu ta fara tsagewa, sai kwalayen littattafai masu nauyin tsiya. Yayansa Alhaji Hamisu ya tsaya a ƙofar gida, hannuwa a baya, ana sauke kaya shi kuwa idonsa na kan hanyar Maraɗi.

"Sauran fa?" ya tambayi direba.

"Ke nan, Alhaji."

"Babu wata motar a baya?"

"Mu kaɗai muka taso."

Ado yana jingine a kujerar baya, ya ji komai. Ciwon da ya kayar da shi a wurin aiki ya shanye masa ɓarin dama, ya kuma ɗauke masa magana, amma bai taɓa masa ji ko hankali ba. Ya ga yadda yayansa ya juyo ya dubi Atika, ya dubi jakar da ke rataye a kafaɗarta, ya daɗe yana dubanta.

Fiye da rabin rayuwarsa Ado ya yi a ma'aikatar kuɗi. Masanin tattalin arziki ne, yana cikin waɗanda ke zama kowace shekara su tsara kasafin kuɗin ƙasa: abin da za a ba makarantu, abin da za a ba asibitoci, harajin da za a ɗaga da wanda za a sassauta. A garinsu Madarumfa ba wanda ya damu da wannan dogon bayani. Abin da aka sani shi ne Mushe Ado, kamar yadda ake girmama ma'aikaci da Faransanci, shi ne ke riƙe da kuɗin gwamnati. In an ji sunansa a rediyo, sai a leƙo gidansu a yi wa Hamisu barka. Gidan haya ya zauna a Yamai har ya faɗi, shi ya sa da likita ya ce aiki ya ƙare, babu inda ya rage sai ɗakinsa na gidan mahaifinsu.

Kalma ɗaya ciwon ya bar masa: "To." In ruwa yake so, to. In ciwo yake ji, to. In a'a yake son ya ce, zai tattara ƙarfinsa, ya ji kalmar a kan harshensa sarai, amma abin da zai fito shi ne to. Ko kansa ba ya yi masa biyayya. Yakan so ya girgiza shi sai ya ga ya gyaɗa. Atika ce kaɗai ta iya karanta shi, ta ido da matsin hannun hagu.

Ta yi wa dangi wannan bayani tun ranar farko, kamar yadda likita ya yi mata. Ta nuna musu ƙwayoyin hawan jini da ba a so ya tsallake, ta ce kuma za a riƙa kai shi Maraɗi ana motsa masa hannu da ƙafa, don ƙafar ta fara jin taɓi.

Yayarsu Ladi, wadda ta dawo gidan da zama tun rasuwar mijinta, ta taɓe baki. "Ni dai tun da nake ban taɓa jin bakin da ke faɗin abin da mai shi bai nufa ba."

Ladi ce ta ɗauki nauyin taya Atika jera kaya. Ado yana kwance yana kallonta. Kowane littafi sai ta kama shi ta gindi ta girgiza kafin ta ajiye. Ta lalube katifa daga kai har ƙafa, wai tana duba kuɗin cizo. Da Atika ta fita ɗebo ruwa, ta zuge jakar nan ta leƙa, ta mayar da sauri, suka haɗa ido da Ado. Ba ta ji kunya ba. Gyara masa matashi ta yi, ta ce, "Sannu, ƙanena."

Hamisu kuwa da hantsi yake zuwa, lokacin da Atika ke wajen murhu. Yakan jawo kujera har bakin gado, ya yi ƙasa da murya.

"Ado, ni da kai ciki ɗaya muka fito. Ɗiya ɗaya gare ka, mace, tana can karatu a wata ƙasa. In ta Allah ta kasance, mu ne za mu tsaya. Bai kamata abin ya ɓace a hannun bare ba. Akwai gida a Yamai, ko?"

Ado ya yi ƙoƙari har jijiyar wuyansa ta tashi.

"To."

Hamisu ya sauke numfashi, kamar wanda aka cire wa ƙaya. "Na sani. Da sunan matarka aka yi?"

Hawaye ya gangaro ta gefen idon Ado.

"To."

"Kada ka yi kuka. Ai ga ni."

Haka aka riƙa yi. Kowace safiya dukiyar Ado ƙaruwa take. Aka sami gida a Yamai, aka sami fili a Dosso, aka sami kuɗi a wani banki na Kwatano. Duk abin da Hamisu ya kwana yana saƙawa, da safe sai ya kawo shi bakin gado a tabbatar masa. Ado ya gwada yin shiru, sai Hamisu ya ce shirun ma amsa ce. Ya gwada rubutu da hannun hagu a kan zanen gado, haruffan suka watse masa kamar ba shi ne ya yi shekaru yana rubuta wa ministoci shawara ba.

Ya san inda abin ya samo tushe. Hamisu ɗan kasuwar hatsi ne a Ɗan Issa, yana tara gero da wake yana sayar wa mutanen Jibiya da ke tsallaken iyaka. Shekarar da damina ta yi ɓarna, gwamnati ta hana fitar da hatsi waje, Hamisu kuwa ya riga ya cika shago da kayan da ya saya da tsada, doka ta fito, kaya suka zauna har ƙwari suka shiga. Ado ya zo gida gab da fitowar dokar. Sun ci tuwo a kwano ɗaya, bai ce uffan ba, alhali yana cikin waɗanda suka ba da shawarar. Ya san da ya furta, kafin gari ya waye motocin Hamisu da na abokansa sun tsallaka iyaka, doka ta tarar da rumbuna wayam, talakan ƙauye irin Gabi ya sayi tiyar gero da kuɗin da ba shi da su. Ya yi wa yayansa wannan bayani daga baya. Hamisu ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce, "Wato dai akwai waɗanda ka gaya wa, ni ne ban kai ba."

Yanzu a bakin gado yakan dawo da zancen, ba da faɗa ba. "Na yafe maka wancan, Ado. Amma mutum ba ya ƙin ɗan'uwansa a banza. Wani abu aka ba ka. Shi nake tambaya."

Zuwa Maraɗi ne ya fara tsayawa. Motar gidan ta Hamisu ce, kuma kullum da dalili: yau taya, gobe direba ya tafi Ɗan Issa. Da Atika ta ce za ta ɗauki hayar mota, Ladi ta ce, "Ashe dai akwai kuɗin." Atika ta sayar da 'yan kunnenta ta kai shi sau ɗaya. Da suka dawo, ta tarar an canza kwaɗon ɗakin ajiya inda sauran kayanta suke.

Daga nan aka koma kan ƙwayoyi. Ladi ce ta fara, a tsakar gida, da muryar da ta tabbata za ta shiga ɗaki.

"Mutum yana shan magani kullum, baki bai buɗe ba. Ba ku tunanin maganin ne ke ɗaure shi? Wa ya ga likitan da ya rubuta? Ita kaɗai."

Hamisu ya shigo ya kwashe kwalayen daga kan taga. Atika ta tare ƙofa.

"Alhaji, don girman Allah. In ya daina sha, jinin zai sake hawa. Ku kai takardar kowane kantin magani a Maraɗi a karanta muku."

"Ba mu ce kin yi wani abu ba," in ji Hamisu. "Gwadawa za mu yi. In an kwana biyu bai sha ba, mu ga ko harshen zai saki. Ai mu ma lafiyarsa muke nema."

Aka kawo wani mai magani daga ƙauye, ya ba da saiwoyi da hayaƙi. Ɗakin ya riƙa cika da hayaƙi har Ado ya riƙa tari yana kasa juyawa. Atika kuwa tana da ragowar ƙwayoyi a ƙullin zanenta. Takan murƙushe ɗaya a cikin kunu in ta ga ido ya ɗauke. Ado yakan ji ɗacin a harshensa, ya matsa mata hannu. A duk yinin, wannan ɗacin ne abin da yake jira.

Ran nan Ladi ta shigo ba sallama, ta tarar da cokali a kan ƙwaya. Ba ta yi ihu ba. Ta ɗauki kofin a hankali, ta fita da shi a tafin hannu kamar mai ɗauke da shaida zuwa gaban alƙali.

Bayan azahar Hamisu ya shigo da mutum biyu, yaran shagonsa ne da suka manyanta a hannunsa. Liman yana nan kusa, bango ɗaya ya raba su, amma ba a kira shi ba. Aka tsayar da Atika a bakin ƙofa.

"Ado," in ji Hamisu, "an kama ta tana zuba maka abu a kunu a ɓoye. Ga shaidu. Ba za mu yanke maka hukunci ba, matarka ce. Kai za ka faɗa. Ka sake ta?"

Ado ya datse haƙora. Ya rantse a ransa ko za a yanka shi ba zai buɗe baki ba. Ya kafa wa Atika ido. Hamisu ya sake tambaya, ya sake, ya dafa masa kafaɗar da ke ciwo, ya matsa. Zafin ya ratsa shi har ƙeya, bakin ya buɗe da kansa.

"To."

"Kun ji," in ji Hamisu.

Atika ta ratsa su ta durƙusa a bakin gado. Ta share masa yawun da ya zubo da gefen mayafinta.

"Malam, na san ba kai ka faɗa ba. Kada ka sa a ranka." Ta miƙe ta dubi Hamisu. "Alhaji, wannan ba saki ba ne, kai ma ka sani. Amma gidanku ne. Abu ɗaya nake roƙo: a riƙa juya shi. In ya daɗe a gefe ɗaya, bayansa zai buɗe."

"Mun riƙe shi tun ba ki san shi ba," in ji Ladi.

An caje jakarta kafin ta fita. Ta tafi Maraɗi wurin wata ƙanwar mahaifiyarta. Ta je wa mai unguwa, ya ce maganar cikin gida ce. Ta dawo ƙofar gidan ba sau ɗaya ba, aka ce mata mai idda ba ta yawo.

Ba a juya shi ba. Ba wai an zauna an yanke shawarar a ƙi ba ne. Kowa dai yana da hanzarinsa. Ladi ta ce bayanta ba ya ɗaukar nauyi. Matar Hamisu ta ce ƙanen miji ne, bai dace ta ga tsiraicinsa ba. Hamisu ya ce shi kasuwa ke ci da gidan nan duka, in ya zauna jinya wa zai nemo? Akan ajiye masa kwanon tuwo a gefen dama, gefen da ya mutu, a dawo a tarar bai taɓa ba, a ce ciwo ya hana shi cin abinci. Da ɗakin ya fara wari, aka rage shiga. Maƙwabta in sun zo dubiya, a tsakar gida ake tare su a ce ya sami barci.

Kansa ya riƙa sara kamar ana buga ƙarfe. Ta taga yana jin masu kifi suna dawowa daga tafki suna ciniki, yana jin matan lambu suna wucewa da kwandunan tumatir. Ya taɓa yin wata guda yana jayayya a wani zaure mai sanyi a Yamai don kada a ɗora wa irin waɗannan haraji a kan injin ban ruwa. Ga su nan suna wucewa, taku kaɗan tsakaninsa da su, ba shi da muryar da zai ce a miƙo masa ruwa.

Hamisu bai daina zuwan hantsi ba, sai dai yanzu a tsaye yake yi, da hannun riga a hanci.

"Ka ga yadda ka koma. Ni ba na jin daɗi. Ka nuna mana inda abin yake, gobe-goben nan in kai ka babban asibiti da kuɗinka. Amma ba zan zuba ɗan abin da ya rage mini ba, alhali naka na can wata na jira ta ci."

Wata safiya Ado ya farka ya ji ƙafar da ta fara jin taɓi ta koma kamar itace, idon dama kuma ya dushe. Ya gane abin da ya faru. Ba wanda ya lura sai shi.

Ana haka aka yi waya cewa baƙo na tafe daga Yamai. Nan da nan gidan ya tashi. Aka wanke Ado, aka sa masa farar riga, aka kunna turare, aka fito da shi rumfa aka tokare shi da matasai. Baƙon shi ne Isma'ila, wanda ya fara aiki a ƙarƙashin Ado, yanzu kuma yake zaune a kujerarsa. Da ya ga fuskar, murmushinsa ya tsaya. Ya durƙusa ya kama hannun hagu.

"Maigida, ka gane ni?"

Ado ya matsa hannun da duk abin da ya rage masa. Isma'ila ya dube shi, ya dubi Hamisu.

"Ina Hajiya Atika?"

"Ta je gida ta ɗan huta. Jinya ta gajiyar da ita."

Isma'ila ya zauna, ya yi ta magana don ya cike shirun. Ya ce har yau a ma'aikata in an rasa mafita sai a ce da Mushe Ado na nan. "Alhaji, ba ku san wanda kuke da shi ba. Biliyoyi sun bi ta ƙarƙashin alƙalamin mutumin nan. 'Yan kasuwa sun yi ta sintiri a ƙofarsa. Ko goro bai taɓa karɓa ba."

Ado ya ga Ladi da Hamisu sun haɗa ido. Ya san kalma ɗaya suka ji a cikin zancen duka.

"Abin da ya kawo ni," in ji Isma'ila, "maganar fanshonsa ta kammala, har da taimakon magani. Amma tunda ba ya iya sa hannu, matarsa ce za ta riƙa karɓa. Ita ya rubuta tun yana lafiya."

"Ɗan'uwa fa? Wa, uwa ɗaya uba ɗaya?"

"Sai ita."

Hamisu ya shiga murza carbi. Isma'ila ya sunkuya zai gyara wa Ado matashi, rigar ta ɗage, ya ga abin da ke bayan. Ya saki rigar a hankali. Da zai tafi ya nemi lambar Atika, ya ce zai kira ta da kansa.

Motarsa ba ta gama fita unguwa ba Hamisu ya ce wa Ladi ta shirya, gobe su je Maraɗi biko.

"Biko kuma? Ba an sake ta ba?"

"Wane saki? Mutumin da ba ya cikin hayyacinsa? Ki tambayi kowane malami, maganar majinyaci irin wannan ba ta ɗaure komai."

A gaban Ado ya faɗi haka, yana kakkaɓe rigarsa.

Ba su kai ga zuwa ba. Da sassafe motar Isma'ila ta dawo da Atika a ciki, da wani ma'aikacin jinya. Hamisu ya tarbe ta da fara'a, ya ce ɗakinta na nan, shaiɗan ne ya shiga tsakani. Ta wuce shi ta shiga, ta ɗaga rigar, ta ga bayan. Ta taɓa ƙafar, ta kira shi, ta ga ƙafar ba ta amsa ba. Ta daɗe a durƙushe, goshinta a kan hannunsa. Sannan ta ce a kama mata shi.

"Ina za ki kai shi?" in ji Ladi. "Gidan ubansa ne nan."

"Asibiti, Yaya Ladi. In kina so ki biyo mu, akwai wuri. Za a buƙaci mai wanke masa ciwo safe da yamma."

Ladi ta dafa bayanta. Ba wanda ya biyo su.

Likitan Maraɗi ya ce jinin ya sake hawa ya yi ɓarna ta biyu. Ciwon bayansa zai warke da sannu. Ƙafar kuwa, da idon, a bar wa Allah. Ya tambayi dalilin da ya sa aka tsayar da magani, Atika ta ce labarin da tsawo.

Ɗaki ɗaya suka kama a wata unguwa bayan kasuwa. Fanshon yana isa haya da magani in an matse, sauran Atika ke cikawa da koyar da yaran maƙwabta karatu. A Madarumfa kuwa zance ya gama gari: matar ta gudu da shi don kada ya yi magana, ta haɗa baki da wani babba daga Yamai, yanzu ita ke juya dukiyar. Hamisu ba ya ma faɗa da bakinsa. In an tambaye shi, sai ya girgiza kai ya ce ya yi iyakar ƙoƙarinsa, a yi ta ba shi haƙuri.

Wata rana Dije, maƙwabciyarsu ta can gida, ta shigo Maraɗi sayayya ta biyo dubiya. Mace ce mai kirki, har da ƙullin busasshen kifi ta kawo. Ta zauna a tabarma tana yi wa Ado sannu, shi kuwa da idonsa mai gani yana kallon nata idon yana yawo: kan rufin kwano, kan buhun gawayi, ƙarƙashin gado. Atika tana ta fama, ta cusa hannu ƙarƙashin kafaɗarsa ta juya shi, zufa na zuba daga goshinta.

Da Dije ta tashi tafiya, ta tsaya a bakin ƙofa ta kama hannun Atika, ta yi ƙasa da murya, cikin tausayi na gaske.

"Kin yi dabara, 'yar'uwa. Ki ci gaba da zama haka kamar ba ki da komai, har ƙura ta lafa. Ni ba zan gaya wa kowa ba."

Atika ta dube ta. Ta dubi Ado. Ta ce, "Ki gaida gida, Dije."

Ta dawo ta ɗauki kwanon wanke ciwo, ta ce masa ya yi haƙuri, ruwan da ɗan zafi.